"Bari sai gobe ta hana kwaɗo wutsiya": to ai da wutsiyarsa aka haife shi

Baban Ummi, Ingila:
Salamu alaikum jama'a. Ga wata magana ina so masana su warware mini ita: "Bari sai gobe ta hana kwaɗo wutsiya." Yadda na ji labarin, wai ranar da ake rabon wutsiya kowace dabba ta yi sammako, kwaɗo ya leƙo ya ga taron ya yi yawa, ya ce sai gobe. Da ya je washegari ya tarar rabo ya ƙare. Ana jefa wa mai jan ƙafa ita.

Dalilin tambayata, mutanen nan suna da al'adar haƙa ɗan tafki a lambun bayan gida, wani bai fi faɗin tabarma biyu ba. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, da sanyi ya fara sassautawa, sai kwaɗi su cika shi cikin dare. Gari na wayewa ka ga ƙwai dunƙule-dunƙule a gefen da ruwa ba zurfi, kamar an barbaɗa habbatussauda cikin yauƙin kuɓewa. Bayan kamar mako uku su ƙyanƙyashe, kuma abin da ke fitowa kai ne da wutsiya kawai, ba hannu ba ƙafa. Ke nan kwaɗo ya samu rabonsa tun ranar farko. Ina aka samo cewa an hana shi?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, zaman Turai ya sa ka fara tuhumar karin magana da ma'aunin likita. Kurciya ta taɓa yi maka jawabi? Amma muna cewa kukanta jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Wanda ya yi maganar nan ya dubi babban kwaɗo a bakin randa, ya ga bayansa a guntule, ya rataya masa darasi. Darasin ake nufi, kwaɗo aron sa aka yi.

Hajiya ta Damagaram:
Malam, kafin a kai ga ma'ana, a fara tambayar ko tamu ce. Ni na tashi gaban tsofaffi masu zuba karin magana ko a wajen tsinkar zogale, ban taɓa jin wannan a bakinsu ba. In za su yi wa yarinya faɗan nawa sai su ce ba a fafe gora ranar tafiya, ko a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Waɗannan biyun sun ishe mu. Me za mu yi da kwaɗo?

Tsohon Direba:
Hajiya, Allah ya ja kwana. Gaskiyarki, ni ma ba a gida na fara jin ta ba. A Anaca na ji ta bakin Ibo masu kayan gyaran mota, su kam tasu ce, da harshensu suke faɗa. Amma yau je ki tasha, za ki ji yaran mota na jifan juna da ita da Hausa tsantsa, ba wanda ya tsaya tambayar asalinta. Magana ma tana hawa mota. Wadda ta sauka a garinmu ta samu masauki, ai ta zama 'yar gari.

Malamar Kimiyya:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki, don abin da Yaya Baban Ummi ya gani ya fi yadda ya zata ban dariya.

Wutsiyar nan ba faɗuwa take yi ba, ba kuma cire ta ake yi ba. Jikin ɗan kwaɗon ne ke shanye ta. Ƙafafun baya ke fara fitowa, sannan na gaba. A daidai wannan lokaci bakinsa da hanjinsa suna sauya fasali gaba ɗaya, daga na mai kankarar gansakuka zuwa na mai cafkar ƙwari, saboda haka akwai 'yan kwanakin da ba ya iya cin komai. Da me zai rayu? Da wutsiyar. Tana narkewa a hankali tana komawa cikin jiki, ita ce guzurinsa har ya taka tudu. Abin da ke ba da umarnin wannan sauyi sinadari ne daga wata halitta da ke maƙogwaro, wadda in ta kumbura a jikin mutum muke cewa maƙoƙo. Tun 1912 wani masani mai suna Gudernatsch ya gwada ciyar da 'ya'yan kwaɗi da naman wannan halitta, sai suka yi gaggawar zama kwaɗi tun suna 'yan mitsi-mitsi.

Ga inda maganar ta juye. A ƙasashen sanyi, in ruwan tafki ya cika sanyi ko abinci ya yi ƙaranci, wasu 'ya'yan ba sa kammala sauyawa a shekarar. Sai su ci hunturu a ruwa, su jira shekara ta zagayo. Wato wanda ya yi jinkiri shi ne ke zama da wutsiya, wanda ya yi sauri shi ke rabuwa da ita.

Tsohon Direba:
La ila! Ashe cinye rabonsa ya yi, ya bar mu muna ta jin tausayinsa.

Malamin Zaure:
Malama, Allah ya ƙara sani. Amma ko da haka ne, ba ki rushe maganar ba, kin dai sauya mata abin da aka rasa. Wanda ya zauna da wutsiya ai ya rasa ƙafa, ya rasa tudu. Jinkirin dai bai bar shi haka ba.

Ɗan Fadama:
Ni manomi ne, ban san na Ingila ba, amma na san namu. In akwai dabbar da aka zalunta da wannan magana, kwaɗo ne. Duk rani ba ka ganin burduddugi, yana can ya binne kansa. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, kududdufin bayan gari ya kawo, a daren nan za ka ji sun kaure da kuka har barci ya gagara. Ba su jira an ga wata ba, ba su jira an yi shawara ba. Kwana kaɗan yara su fara zuwa da labarin ƙwai, wani a warwatse, wani a jere cikin dogon zare ya nannaɗe ciyawa.

Dole ce ta sa su. Ruwan kududdufi ba shi da alkawari. In aka ɗauke ruwa kwana goma sha, rana ta buɗe, sai ka je ka tarar da 'ya'yan baƙi ƙirin sun taru a ɗan abin da ya rage, balbela na tsaye a kansu tana zaɓa. Na sha ganin laka ta bushe da su. Kwaɗon da ya ce sai gobe, zuriyarsa ce ke tafiya, ba wutsiya ba. Da ni ne mai rabon karin magana, da na ba shi ta sammako.

Baban Ummi, Ingila:
Ɗan Fadama, na nan ma haka suke, sai dai su abin da ke kora su daban ne, kuma saurin yana da nasa hasara. A kudu maso yamma, wajen Kwanwal inda sanyi ke da sauƙi, tun Janairu ake fara ganin ƙwai. Abin yana haurawa arewa sannu a hankali, har wasu sassan Sikotlan sai Afrilu. Wanda ya riga, 'ya'yansa sun samu abinci kafin cunkoso. Amma in aka samu dare ɗaya mai tsananin sanyi bayan an zuba ƙwan, saman ruwa ya daskare, ƙwayayen da ke sama su yi fari su mutu, na ƙasan dunƙulen ne ke tsira. Mace ɗaya dunƙule ɗaya take zubawa a shekara, mai ƙwai dubu ɗaya zuwa dubu biyu ko fiye, in ya lalace sai baɗi. Ko ba ƙanƙara ma, yawancinsu abincin wasu ne: tsuntsaye, kifi in akwai, da 'ya'yan mazari da ke zaune a ƙarƙashin ruwa.

Wani abin da ya ba ni mamaki, mutanen nan rubuta ranar suke yi. Akwai ƙungiyar Woodland Trust da ke karɓar rahoton ranar da mutum ya fara ganin ƙwan kwaɗo a unguwarsa, ana haɗawa a ga ko yanayi na sauyawa. Kuma ba yau aka fara ba: wani mai gona a yankin Nofok na gabashin Ingila, Robert Marsham, ya soma rubuta alamomin fitar hunturu tun 1736, iyalinsa suka ci gaba bayansa har zuwa 1958.

Hajiya ta Damagaram:
To kun gani. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanen da. Shi ya sa ban son a ba yara magana mai fuska ɗaya. Ni abin da ya fi damuna ma inda ake amfani da ita. Na ji wata ta faɗa wa 'yar ƙanwarta da ke karatu ba ta yi aure ba, a gaban mutane, wai bari sai gobe ta hana kwaɗo wutsiya. Yarinya ta tashi ta bar wurin. Wannan ba nasiha ba ce, gori ne. Aure da haihuwa da arziki ba rabon da ake bin layi ba ne.

Malamin Zaure:
Nan kam ina bayanki, Hajiya. Akwai jinkirin da mutum ya jawo wa kansa, akwai wanda aka ɗora masa, kuma muna cewa wani jinkirin alheri ne. Maganar kwaɗo ta mai iko ce da ya ƙi motsawa: ɗalibin da ke ɗaga bita, mai bashin da kuɗi ke aljihunsa, wanda rufin ɗakinsa ke yoyo tun bara. Shi ma "gobe" ɗin, a Suratul Kahfi aya ta 23 da 24 an hore mu kada mu ce za mu yi abu gobe ba tare da in sha Allahu ba. Sai dai wasu sun mai da in sha Allahun ma wurin ɓuya.

Amma ban yarda a ce a jefar da ita don ta zo daga kudu ba. Ba mu kaɗai da Ibo ba ne ma. Zulu na Afirka ta Kudu suna da irinta a kan rema, su kuma cewa suke aike ne ya hana ta wutsiya, don ta zauna ta tura wasu su karɓo mata.

Tsohon Direba:
Wannan ta rema ta fi dacewa da masu motar da na yi wa aiki. Amma Malam, tambaya: zan iya faɗa wa yayana ita? Gonar gado ce tun rasuwar mahaifinmu yake cewa sai bayan salla za a raba.

Malamin Zaure:
A'a, Alhaji. Ko me ka nufa, kwaɗo zai ji ka kira shi. Ga na gaba sai ka ce "Yaya, a bari ya huce," ka yi shiru, shi zai ƙarasa da kansa.

Hajiya ta Damagaram:
Ko wannan ma kada ka faɗa da bakinka. Ka samu baffanku ko limamin unguwa ya faɗa.

Baban Ummi, Ingila:
Malama, kafin a watse: Ummi ta nace sai mun ɗebo ƙwan a bokiti daga gidan maƙwabciyarmu mun kawo namu lambun. Ya halatta?

Malamar Kimiyya:
Yaya, a bar shi inda yake. Dokar kare namun dawa ta 1981 ta hana sayar da shi a can, kuma ko kyauta ne masana suna hana ɗaukarsa daga tafki zuwa tafki, don ta haka ake yaɗa ciyayin ruwa masu mamaye wuri, da kuma cutar da ke kashe kwaɗi. Ku haƙa naku, ku bar gefe ɗaya da gangare yadda ƙananan za su iya fita, ku cika shi da ruwan sama, kada ku sa kifi. Tunda akwai su a maƙwabta, da kansu za su zo. Ummi kuma ta riƙa leƙawa can wajen Yuni zuwa Yuli, lokacin ne masu ƙafa huɗu da guntun wutsiya ke fitowa cikin ciyawa, sai a yi hattara da injin yankan ciyawa a makonnin nan.