Shawara kan tafiyar dogon hutu: Maroko, Andalus da garuruwan kan dutse

Tambaya daga wani malamin makaranta, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin hanya. Ni da maiɗakina mun daɗe muna tara guzuri domin mu yi tafiya ɗaya mai ma'ana tare da yaranmu biyu da mahaifiyata a dogon hutun bana, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, kimanin mako uku ke nan. Burin Hajiya bai wuce birnin Fas na ƙasar Maroko ba, domin ta ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Ni kuwa tun ina ɗalibi nake son in ga abin da ya rage na Andalus a kudancin Sifaniya, musamman masallacin Kurɗuba da fadar Alhamra ta Garnaɗa. Yaran kuma duwatsu masu ƙanƙara suke ta ambato, shi ya sa na saka Suwizalan cikin lissafi, da na duba taswira kuma na ga Faransa da Italiya suna maƙwabtaka da ita, sai na ƙara su, ƙasashe suka zama biyar.

Abin da ya shige mini duhu shi ne ta inda ya kamata mu fara, da irin bizar da za mu nema da ofishin da za mu kai takardunmu. Haka kuma ina jin ana cewa zafin kudancin Sifaniya a watan Agusta ba na wasa ba ne, ga shi Hajiya ta manyanta, gwiwoyinta ba sa son doguwar tafiya a ƙasa. Duk wanda ya san waɗannan wurare ya taimaka mini da abin da ya sani, Allah Ya saka da alheri.

Amsa daga wani ɗan kasuwa, Gombe

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa albarka a wannan niyya, Ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya. Shawarata ta farko ita ce ka rage ƙasashen nan. Mako uku a ƙasa biyar, da yara da dattijuwa, yana nufin kusan rabin hutun zai ƙare a tashoshi da filayen jirgi ana jan akwati, kuma wadda za ta fi kowa jin jiki ita ce wadda aka fi so a faranta wa rai. Maroko da Sifaniya sun ishe ku, tarihinsu ma a haɗe yake.

Game da biza, Sifaniya da Faransa da Italiya da Suwizalan duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ce take shigar da mutum dukkansu, amma ƙa'ida ita ce a nema daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. A naka lissafin Sifaniya ce. Kuɗin bizar Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Dole kowa ya kasance da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, fasfo kuma ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitowa daga yankin, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. An yarda a miƙa takardu tun ana sauran wata shida a tafi, kuma ko da yake bisa al'ada ana yanke hukunci cikin kwana 15, doka ta ba su damar kaiwa kwana 45. Saboda haka wanda zai tashi a ƙarshen Yuli bai kamata ya wuce Afrilu ko farkon Mayu bai miƙa nasa ba, domin lokacin ne kowa yake neman gurbi. Ka haɗa da takardun haihuwar yara, da wasiƙar wurin aikinka mai nuna ranar da za ka koma bakin aiki, da bayanan asusunka na banki waɗanda kuɗi suka taru a cikinsu sannu a hankali, ba waɗanda aka zuba rana ɗaya ba.

Maroko tata bizar daban ce. A nan ne tsarin hanya yake da muhimmanci: idan kuka shiga Maroko, kuka tsallaka Sifaniya, sannan kuka dawo ta jirgin ruwa domin ku hau jirgin gida, kun shiga ƙasar sau biyu ke nan, bizar shiga sau ɗaya ba za ta ɗauke ku ba. Ka sayi tikitin da zai sauke ku a Kasabalanka, wadda ake zuwa kai tsaye daga Abuja ko Legas, ya kuma ɗauko ku daga Malaga ko Madrid. Kada a manta da katin rigakafin shawara na kowa da kowa.

Amsa daga wata malama da ta yi karatu a Maroko, Bauchi

Malam, sannu da ƙoƙari, a gaishe mini da Hajiya. Na goyi bayan Alhaji a kan rage ƙasashe, ni kuma zan tsaya a ɓangaren Maroko. Ku fara da Fas tun kuna da sauran ƙarfi, domin ita ce asalin niyyar Hajiya, kuma akwai jirgin ƙasa daga Kasabalanka zuwa can. Abin da za ka riƙe shi ne mota ba ta shiga tsohon birnin. Lunguna ne matsattsu masu gangara da hawa, jakuna da kurar hannu su ne masu dakon kaya, za ka riƙa jin ana cewa "balak" domin a kauce a ba su hanya. Zawiyar Shehu, wanda ya rasu a birnin a 1815, tana can ƙasa a unguwar Balida. Kada ku bari ɗan jagora ya shigo da ku ta babbar ƙofa mai shuɗin ado ta saman gari, wadda baƙi suka fi sani, domin tafiyar za ta yi wa Hajiya yawa. Ku sa mai tasi ya sauke ku a dandalin Rasif da ke ƙasan gari, kuma ku nemi masauki a wannan yanki mai ɗaki a ƙasa, saboda tsofaffin gidajen Fas dogaye ne, matakalansu kuma a tsaye suke.

In da hali ku daidaita zuwanku da ranar Juma'a, lokacin zikirin yamma, za ku tarar da mutanen Senegal da Mali da Nijar da namu na gida. Masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihriyya ta assasa a shekarar 859, yana nan kusa. Abin da ya fi taɓa zuciyata a can shi ne karatun hizbi da ake yi baki ɗaya bayan Magariba da Asuba, da ruwayar Warshu, wadda da ita aka koya mana karatu a makarantar allo. Mazhabarsu ma Malikiyya ce, saboda haka Hajiya ba za ta ji baƙunci a sahu ba. Yaran kuma ku kai su majemar Shuwara, inda ake leƙa ramukan jima da rini daga saman shagunan dukawa, ana miƙa wa mutum ganyen na'ana'a ya toshe hanci saboda wari. A nan za ka iya ba su labarin jar fatar akuyar Sakkwato da Kano da ayari ke ƙetarawa da ita Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

Fas tana da zafi a Agusta, don haka ku tsaga kwanakinta da Ifran, wadda ke kan tsaunukan Atlas ta Tsakiya, tsayin mita 1,600 da ɗoriya, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota. Faransawa ne suka gina ta a 1929, titunanta shimfiɗaɗɗu ne, dattijuwa za ta iya takawa ba wahala. Daga nan sai Shafshawan a tsaunukan Rif, garin da aka kafa a 1471, wanda daga baya ya karɓi mutanen Andalus da suka yi hijira bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492. Babu jirgin ƙasa zuwa can, sai bas ta kimanin awa huɗu daga Fas a kan hanya mai kwana-kwana, a tanadi maganin jiri. Garin yana da kyau ƙwarai, amma matakala ne kusan ko'ina, don haka kwana biyu sun isa kafin ku gangara Tanja, birnin bakin teku da ake tsallakawa Sifaniya daga gare shi.

Amsa daga wani ɗalibi ɗan Azare da ke karatu a Sifaniya

Ranka ya daɗe, Malam. Daga Tanja jirgin ruwa yana ƙetare mashigin teku ya kai mutum garin Tarifa na Sifaniya cikin kimanin awa ɗaya. Tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba miliyoyin ƴan Maroko mazauna Turai suna ƙetare wannan mashigi, a Yuli suna tafiya gida, a ƙarshen Agusta suna komowa, saboda haka ku da za ku tsallako a farkon Agusta kun kauce wa mafi yawan cunkoson.

Zafin da ka ji gaskiya ne. Kurɗuba a Yuli da Agusta takan kai digiri 37 a matsakaicin rana, ta taɓa kusantar 47 a 2017, busasshen zafi ne irin na Afrilu a Bauchi. Ku shiga masallacin da sassafe. Abdurrahman na Farko ne ya fara gina shi wajajen 785, an mayar da shi coci bayan 1236, kuma ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Ka sanar da Hajiya wannan tun daga gida domin kada ranta ya ɓaci a wurin. Kwana ɗaya ko biyu sun wadatar, sai ku hau jirgin ƙasa zuwa Garnaɗa. Tikitin Alhamra da sunan mutum da lambar fasfonsa ake yankarsa, ɓangaren fadar sarakunan Banu Nasr kuma yana da ƙayyadadden lokacin shiga wanda in ya wuce ya wuce, kuma yakan ƙare tun makonni kafin ranar. Ka saya da zarar biza ta fito, sauran tsarin kwanakin sai ya bi wannan rana. Akwai masallacin Juma'a a unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003, yana fuskantar fadar, kuma ƙaramar bas tana hawa har kusa da shi. Magariba a can takan wuce ƙarfe tara na dare, shaguna da yawa kuma suna rufewa da tsakar rana, ku ma sai ku huta a lokacin.

Ƙauyukan Alfuhara, irin su Pampaneira da Capileira, suna jikin tsaunin Sierra Nevada na kusa da Garnaɗa, wanda ƙololuwarsa Mulhasan ta kai mita 3,479. Akwai sanyin dare da ruwa mai gudu a kwalbatocin da aka gada daga manoman Andalus. Sai dai a kula da abinci, domin yankin ya shahara da busasshen naman alade, ana rataye shi a shaguna, ana kuma yayyanka shi cikin miya da wake ba tare da an faɗa ba. Ku kama masauki mai madafa, ku yi cefane tun daga mahautan halal na Garnaɗa.

Inda na ɗan saɓa da Alhaji shi ne batun yara. Da wuya su ga ƙanƙarar kirki a Sierra Nevada a Agusta. Idan alkawari aka yi musu kuma aljihu zai ɗauka, a bar Faransa da Italiya, a riƙe Suwizalan ita kaɗai a ƙarshe, tunda biza ɗaya ce kuma akwai jirgi daga Malaga. A garin Zermatt na can motar igiya tana kai mutum tsayin mita 3,883, inda ƙanƙara ba ta yankewa duk shekara. Ƙasar tana da tsada sosai, kuɗinta ma faran ne ba Yuro ba, kuma Hajiya ta tsaya a cikin gari, kada ta hau wannan tsayi sai likitanta ya amince.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Alhaji, Malama, da kai ƙanena, Allah Ya bar zumunci. Mun zauna da maiɗakina mun cire Faransa da Italiya. Za mu ba Maroko kusan rabin kwanakin saboda Hajiya, sauran kuma Kurɗuba da Garnaɗa da ƙauyukan dutse. Batun Suwizalan zan jira in ga abin da tikiti da masauki za su ci kafin in sake tayar wa yara da maganar. Malama, ina roƙon ki ƙara mini bayani ko ana samun keken guragu na haya a kusa da dandalin Rasif, ko kuwa gara mu tafi da namu tun daga Bauchi.