Teburina ya lanƙwashe kuma fentin ya yi fari, me na yi ba daidai ba?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin katako ku taimaka min. Ni ba kafinta ba ne, ɗinki nake yi, amma ran Lahadi ina ɗan taɓa aikin katako a bayan gida saboda sha'awa. Wata biyu da suka wuce na sayo falankin maɗaci guda uku na haɗa su da gam na yi saman tebur, faɗinsa santimita 60, irin gajeren nan na tsakar ɗaki, niyyata in kai wa Hajiyarmu Kano idan na je gida a Disamba. Na goge shi da samfefa har hannuna ya yi kanta, na fesa sila, wato shafin farko mai toshe ramukan katako, da fentin selulos, wallahi ranar da na gama sai da maƙwabta suka leƙo. To yanzu saman ya lanƙwashe kamar kwarya, gefe da gefe sun ɗaga, in ka ajiye kofi a baki sai ka ga ya karkata, sannan fentin ya yi wani fari-fari kamar hazo tun washegari. Abin ya dame ni sosai don da Hajiya a raina na yi shi. A gyara ko a sake?

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka fara gaya min, kwana nawa katakon ya yi a wajenka kafin ka sa masa zarto, kuma ƙasan teburin ka yi masa fenti ko saman kawai? Ina zargin ɗanyen katako ka sayo. Yawancin abin da ake sayarwa a nan, ko a Mushin ko wanda ke fitowa daga wajen masu yanka katako, ba a daɗe da yanka shi ba, wasu gungumen ma a cikin ruwa ake jawo su, sai ka ji falanki da nauyi ka ɗauka ƙarfi ne alhali ruwa ne. Mu idan mun sayo muna jera shi a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a ɗora abu mai nauyi a sama, kada rana ta taɓa shi. Yadda za ka san ya bushe ba tare da na'ura ba, yanki guntu ka riƙa auna shi a sikeli duk mako kana rubutawa a jikinsa da fensir, ranar da nauyin ya daina raguwa to ya kai iya bushewar da Legas za ta ba shi.

Amma abin da ya fi damuna maganar Kano ce. Katakon da ya zauna a Legas ruwan jikinsa yana kaiwa kashi 15 ko 16 cikin ɗari saboda danshi, idan ya shiga hunturun Kano zai sauka wajen kashi 5 ko 6, kuma katako ta faɗi yake tsukewa, ta tsawo kusan ba ya motsi. Faɗin 60 ɗin nan naka zai iya raguwa da kusan santimita ɗaya. In ka ɗaure saman da ƙusa ko gam a jikin firam ba shi da hanyar tsukewa, sai dai ya tsage, wata rana da dare Hajiya za ta ji ƙas! Na sha ganin haka a kujerun da ake lodawa daga nan zuwa Arewa. Maganin shi ne ramin sukurun da ke jikin firam ka tsawaita shi ta ɓangaren faɗi, ya zama kamar ƙwayar shinkafa, ka sa wasa, wato ɗan zoben ƙarfen da ake sa wa ƙarƙashin kan sukuru, kada ka matse shi har ƙarshe, sai saman ya riƙa ja yana saki abinsa.

Ɗan Agege:
Baba kwana huɗu kacal ya yi, kuma saman kawai na fesa, na ce ai ƙasa ba mai gani. Gam da ƙusa na sa kuma, ko'ina.

Baba Kafinta:
To ka ga an haɗu uku kenan. Cire saman a hankali, ka kankare fentin duka, ka jingine shi inda iska za ta bugi fuska biyun daidai na wasu makonni, sau da yawa yana saki da kansa. In ya ƙi, tsaga shi ta layin gam ɗin, ka daidaita kowane falanki ka sake haɗawa. Kuma duk shafin da ka yi wa sama ka yi wa ƙasa adadinsa, har da bakin katakon inda aka yanka, don ta nan ya fi shan ruwa.

Mai Fenti Idi-Araba:
Malam farin nan ba lalacewa ba ne, mu kullum muna fama da shi daga Afrilu zuwa Yuli. Tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, na tashi da sauri sai ta sanyaya fuskar katakon, danshin iska ya kwanta a kai kamar yadda ruwa ke taruwa a jikin kwalbar lemo mai sanyi, fenti ya bushe da shi a ciki shi ne hazon da ka gani. Na tabbata da safe ka fesa ko bayan ruwan sama. Ka jira wajen sha biyu zuwa uku rana ta buɗe, ka ɗan zuba ritada a cikin haɗin don ya rage saurin bushewa, ka fesa siriri-siriri ba ka jibga ba, ai ko wanda ya riga ya yi fari in ka bi shi da shafi ɗaya mai ritada yana narkar da na ƙasa hazon ya fita. Tunda dai Baba ya ce ka kankare, ka bi samfefa a jere daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 80, 120, 180, ka tsaya a 220, kuma ka bi layin katakon kada ka gitta. Maɗaci yana da ƴan ramuka, sai ya sha sila biyu ko uku ana gogewa tsakani kafin ya yi sulɓi. Ka rufe hancinka fa, kuma nesa da janareta, tina ba ta wasa da wuta.

Yaron Baba:
Yaya in za ka tsaga ta layin gam kada ka bi da ido. Samo filawud mai faɗi, ka manna wani siririn filawud mai miƙaƙƙen baki a kansa, wanda kamfani ya yanka ba kai ba, sai ka jingina ƙafar injin zartonka da siririn ka yanke rarar na ƙasa sau ɗaya. Daga ranar bakin nan shi ne daidai inda zarto zai bi, ka ɗora shi a kan layi ka matse da kilam, wato ƙarfen matse katako, guda biyu ka wuce. Nawa na injin ɗaya ne kawai, in ka canza inji ko kaurin zarto sai ka yi sabo.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri, na ɓamɓare saman yau da yamma, ƙusa biyu sun ɗan ci gefe amma ta ƙasa ne. Na yanki guntu na kai wa mai sikeli a bakin layinmu ya auna min na rubuta. Baba in nauyin bai tsaya ba har Disamba, in tafi da shi haka in ƙarasa a can ko in bari sai wani zuwan?

Baba Kafinta:
Tafi da shi ba fenti, ba a ɗaure ba, ka jingine shi a ɗakin Hajiya ya sha hunturu tukuna, ka naɗe shi da leda a mota don kada iskar hanya ta busar da gefe ɗaya. Silar da fentin ka saya a can.