"Laifi tudu ne": mai shi ya sani, ko da gaske ba ya gani?

Ɗan Zariya: Salamu alaikum jama'a. Karin maganarmu ta yau ita ce: "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani." Abin da nake son ji, wanda ke kan tudun ya san da shi ya kau da kai ne, ko kuwa ba ya ganinsa sam?

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Ya sani mana! Munafuki ake yi wa wannan magana. Mutum ya san abin da ya aikata, sai ya yi ta nuna na wani don a manta da nasa.

Malamin Jami'a: Hajiya, ina ganin ta fi haka zurfi. Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Jonathan Haidt, wanda ya ƙarar da shekarunsa kan wannan tambaya. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Pennsylvania a 1992, ya koyar a Jami'ar Virginia daga 1995, ya koma Jami'ar New York a 2011. A bincikensa na farko, a Amurka da Brazil, yakan ba mutane labarin wasu iyali da mota ta kashe karensu, suka dafa shi suka ci, ba wanda ya gani. Da yawa nan take sukan ce laifi ne. In an ce wa aka cutar, sai su shiga lalube, hujja ta rushe su kawo wata, amma hukuncin yana nan daram. Daga baya ya kafa ra'ayin cewa zuciya ke fara yanke hukunci, hankali ya biyo baya yana kare ta. Ya kwatanta hankali da mutum a kan giwa: yana ganin shi ke jan ragama, alhali inda giwar ta karkata nan ake zuwa. To mai tudun nan, sau da yawa har ga Allah yana ganin shi ne mai gaskiya.

Maman Khalifa: Malam, wannan ba wanke mai laifi ba ne? Kowa sai ya ce ban gani ba.

Malamin Jami'a: Bai wanke kowa ba, shi kansa ya fara tuhuma. Ɗan ɓangaren Dimokurat ne a da, kuma ya faɗa cewa bayan John Kerry, ɗan takarar shugaban ƙasa na Dimokurat, ya sha kaye a zaɓen 2004 ya shiga nazarin siyasa don ya taimaki ɓangarensa. Amma tun a 1993 ya yi wata uku a Bhubaneswar ta Indiya, inda ya zauna da mutanen kirki masu girmama na gaba da kiyaye tsarki, abubuwan da ya taso yana ɗauka danniya ce. Shi da abokan aikinsa sun ware ginshiƙan ɗabi'a biyar: tausayi, adalci, riƙon amanar jama'arka, girmama na gaba, da tsarki, daga baya suka ƙara 'yanci. Sun samu masu sassaucin ra'ayi a Amurka sun fi jingina da biyun farko, masu ra'ayin riƙau kuma suna riƙe da biyar ɗin kusan daidai. Kowane ɓangare sai ya ɗauka ɗayan ba shi da tarbiyya.

Baba Alhaji: Yara, ku bar ni in sa baki. Ba na musun binciken, amma ba kowane saɓani ne rashin gani ba. Akwai zalunci na gaske, kuma wanda aka zalunta in ya yi kuka ba a ce masa duba naka tudun. Na sha ganin an toshe bakin mai gaskiya da wannan karin magana, abin yana yi mini ciwo.

Malamin Jami'a: Gaskiya ne Baba. Masu sukarsa ma sun ce ya yi wa ɓangarorin biyu kuɗin goro, wasu masana kuma na ganin duk ginshiƙan suna komawa ne ga tsoron cutarwa.

Ɗan Zariya: Ke nan wa ya dace a faɗa wa ita?

Baba Alhaji: Na gidanka. Ɗan jam'iyyarku da ya zo yana zagin ɓarayin ɗaya jam'iyyar, shi za ka faɗa wa, don daga bakinka zai iya ji. In ka jefi abokin hamayya da ita ana tsakiyar gardama, kai ma a lokacin kan naka kake tsaye.

Maman Khalifa: Wannan na karɓa, Baba. Amma Malam, ina nan kan bakata: akwai waɗanda suka sani sarai, musamman masu riƙe da mulki.