Miliyan 328 a Kan Motar da Ba Ta da Inji?

Bello Garwa: Salamu alaikum jama'a. Yau kam sai na faɗi abin da ke cin raina. Ferrari, kamfanin motocin tsada na Italiya, ta sanar da motarta ta farko mai aiki da lantarki zalla, kuma tun watan Yuni 2024 kamfanin labarai na Reuters ya ce kuɗinta ba zai gaza yuro 500,000 ba. Ku buga da 655.957, sefa miliyan 328 ke nan, ba kuɗin jirgi, ba na duwan, wato kwastan. Don Allah me aka zuba a ciki? Motar da ba ta da inji, ba salansa, ba tankin mai. Kamata ya yi ta fi masu shan mai sauƙi da rabi. Wannan rainin hankali ne, kuma ina jiran wanda zai musa.

Malam Isa mai wayarin: Wa alaikumus salam. Bello, "ba ta da inji" ka ce? Huɗu gare ta, biyu gaba biyu baya, kowace taya da mai juya ta. A bayanin da kamfanin ya fitar a Oktoba 2025, ƙarfinsu a haɗe ya haura doki 1,000, batirin kilowat-awa 122 ne, kuma daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 daƙiƙa 2.5 take ɗauka. Abin da ba shi da inji ba ya yin wannan.

Maigida Usmanu bakanike: Malam Isa, da girmanka kar ka rikita yara. Inji shi ne mai shaƙar iska, ya ƙona mai, ya tura fistan. V12 ɗin Ferrari fistan 12 gare shi, bawul 48, kamshaf huɗu, ga kiranshaf, ga famfon baƙin mai. Abin da kake faɗi waya ce aka naɗe, mayen ƙarfe na juyawa a tsakiya. Babban dinamo ne kawai. Bello ya yi gaskiya.

Malam Isa mai wayarin: Maigida, to injin markaɗe da ake jona wa wuta me sunansa? Injin ban ruwa na sola fa? Kuma wannan da ka raina ya fi V12 wuyar ƙerawa ta wani fannin. V12 mafi zafi a cikinsu zagaye 9,500 yake yi a minti. Waɗannan suna haura 25,000. A wannan gudu mayen ƙarfen so yake ya fincike ya tarwatse, shi ya sa ake ɗaure shi da zoben kabon. In zafi ya wuce ƙima, ƙarfin mayen ya tafi ke nan har abada, don haka dole ruwan sanyi ya riƙa zagayawa. Ga inbata da ke mai da wutar batir zuwa mai layi uku, tana buɗewa tana rufewa sau dubbai a daƙiƙa. Kuɗin yana nan, ba a yawan ƙarafa ba.

Maigida Usmanu bakanike: Na ji. In ya lalace wa zai buɗe shi a Garwa? Abin da ba a sauke shi a canja masa zobe da metal a mayar, ni ba na kiransa inji.

Bello Garwa: Ku dawo kan farashi don Allah.

Sadiƙu Marwa: Yayyena, duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ko a kira shi inji ko dinamo, ba shi ne ya kai kuɗin nan ba, kuma ba batir ba ne. A ƙididdigar kamfanin bincike na BloombergNEF ta 2024, matsakaicin kuɗin batirin lithium dala 115 ne kowace kilowat-awa. Sau 122, kusan dala 14,000. A ninka uku saboda na musamman ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashin ba. Ku duba Rimac Nevera ta Kuroshiya: batirinta 120, kusan daidai da wannan, amma kuɗinta wajen yuro miliyan biyu, don guda 150 kawai aka ce za a yi. Xiaomi SU7 Ultra ta Caina kuwa doki 1,548, an sa mata yuwan 529,900 a Fabrairu 2025, ko yuro 75,000 bai kai ba. Suna ake saya. Caina ta riga ta gama da Turawa.

Alhaji Garba Njamena: Yaro, a hankali. Suna kuma ba da ruwa ake wanke shi a samu ba. Ferrari motoci 13,752 ta sayar a duk shekarar 2024. Sabon ginin da ta buɗe a garin Maranello na Italiya a Yuni 2024, inda ake haɗa batir da injinan, da albashin masu zane na shekaru, a kan waɗannan 'yan motocin za a raba su. Mai yin dubban ɗaruruwa ba lissafinsu ɗaya ba. Sannan wanda ya yi oda ba ya tsayawa a farashin tushe: fenti na musamman, kujerun kabon, ɗinkin fata, kowanne da kuɗinsa. Duk mai sa ran 500,000 ya ƙara wani abu a aljihu.

Sadiƙu Marwa: Alhaji, ranka ya daɗe, ai ka maimaita maganata ne. Mutum na biyan tsadar ƙarancin kaya, ba ingancinsa ba.

Alhaji Garba Njamena: Ban faɗi haka ba. Ka kawo min ta Caina mai shekara talatin da ake gwanjonta sama da kuɗin da aka saye ta.

Sadiƙu Marwa: Ka kawo min batirin da zai kai shekara talatin, ko na waye.

Hajiya Balkisu Ngaundere: Ku yi haƙuri in shiga, don miliyan 328 ɗin ma ba shi ne lissafi ba. In har harajin TVA na Italiya, kashi 22, yana cikin 500,000 ɗin, ana cire shi ga kayan da za su fita waje. Saura wajen yuro 410,000, sefa miliyan 269. A sa jirgi da inshora, mu ce 270 a tashar Duwala. A tsarin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashenmu na Afirka ta Tsakiya, motar hawa kashi 30 take biya, miliyan 81. TVA ɗinmu kashi 19.25 ana ɗora shi ne a kan darajar haɗe da kuɗin duwan, wato a kan 351, ya ba da kusan miliyan 68. Jimla ta doshi 419. Amma dokar kasafin 2025 ta rage rabin darajar da ake yi wa haraji ga sabbin motocin lantarki na tsawon wata 24. Da wannan, duwan 40.5, TVA kusan 34, jimla wajen 344. Kuma jirgi yana ɗaukarta a matsayin kaya mai haɗari, aji na 9, saboda batirin. Ba kowane kamfani ke karɓa ba, mai karɓa kuma yana ƙara kuɗi.

Alhaji Garba Njamena: Hajiya, ga dabara. A wuce da ita a tiransit a biya a Cadi.

Hajiya Balkisu Ngaundere: Alhaji, sai an ajiye kuɗin jingina a Duwala har takarda ta dawo cewa kaya ya tsallaka Ngeli, iyakar Cadi. Mota mai lambar Cadi kuma ba ta zama a Kamaru sai da izinin ɗan lokaci. Ba dabara ba ce.

Alhaji Garba Njamena: Ai ku mutanen Ngaundere da jinginar nan kuke ci.

Hajiya Balkisu Ngaundere: Subhanallahi. Alhaji ka janye wannan. Jingina asusun duwan take shiga, ba hannun mai fitar da kaya ba.

Maigida Usmanu bakanike: Ku bar ta ta iso tukuna. Nauyinta kilo 2,300, batirin kuma shimfiɗe yake a ƙarƙashinta. Irin waɗannan motoci tsakaninsu da ƙasa bai fi santimita 12 zuwa 13 ba. Ta sauko gangaren dutsen Ngaundere lafiya, to daga Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri fa? Dutse ɗaya ya lotsa murfin ƙasa, ruwan sanyi ya zubo cikin batir, an gama. Taya mai siririn gefe rami ɗaya ke fasa ta har da rim. In ta tsaya kuma ba a ɗaura mata igiya a ja, don tayoyin na juyawa dinamon na haifar da wuta, sai ya ƙona inbata. Sai an ɗora ta kan babbar mota.

Sadiƙu Marwa: Maigida, me ya kawo hanyarmu ciki? Ta Ngaundere zuwa Garwa ma ai ba lafiya gare ta ba.

Malam Isa mai wayarin: Ka ga har yanzu "dinamo" yake cewa. Amma maganar ja da igiya gaskiya ce. In ƙara da caji. Soket na gida, bolt 220 da amfiya 10, kilowat 2.2 yake bayarwa. Raba 122 da shi, awa 55, da asara ya doshi 60, in wuta ba ta ɗauke ba. Kuma soket na yau da kullum ba ya jure wannan, bakinsa narkewa yake. Abin da ya dace mita mai layi uku, caja mai kilowat 11, waya mai kaurin milimita murabba'i 6 in da 'yar tazara, bireka tata ita kaɗai, da sandar ƙasa da aka binne inda akwai laima. Awa 12 ta cika. In sandar ƙasa ba ta kama ba motar ƙin karɓar caji take, kuma da rani ƙasarmu bushewa take, sai an riƙa jiƙa wurin. Cajin gaggawa mai kilowat 350 kuwa taransifoma guda yake so. Da sola, faranti mai wat 550 yana ba da kamar kilowat-awa biyu da rabi a yini, faranti 50 ke nan kafin ta cika a rana ɗaya. A zafin Afrilu, in ya haura 40, motar da kanta take rage ƙarfi ta kare batirin, ko tana ajiye tana cin wuta wurin sanyaya shi.

Maigida Usmanu bakanike: To ka ji da bakinka.

Malam Isa mai wayarin: Na faɗi abin da take buƙata ne, ban ce ba ta da inji ba. Kuma ka gaya wa yaranka kar wanda ya taɓa waya mai ruwan lemo. Bolt ɗin ya kai 800, sai da safar hannu mai jure 1,000, an cire makatsar batir, an jira, an auna.

Bello Garwa: Ni dai ba wanda ya ba ni amsa.

Baba Ɗanladi mai kayan gyara, shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: motar nan ba ta da inji irin wanda muka sani, kamar yadda Usmanu ya yi bayani. Ba ta bin hanyarmu, ba ta jure zafinmu, cajinta awa 60 ne, Malam Isa da kansa ya tabbatar. Kuɗinta a Duwala miliyan 419 ne a lissafin Hajiya. Batun Caina ba mu ga hujja ba. Alhaji Garba ya ba Hajiya haƙuri. Mai neman mota ya nemi wadda ake samun fistan da bawul ɗinta a kasuwar Garwa. An rufe.

Hajiya Balkisu Ngaundere: Baba, 344 na ce in da rangwamen. Kuma haƙurin ban ji shi ba tukuna.