Waɗanda suka yi MBA, yaya karatun yake?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Tarihi na karanta a digirin farko, yanzu kuma shagon atamfar mahaifinmu ya dawo hannuna. Ina son shiga MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, na ƙarshen mako, ko a makarantar kasuwanci ta Ɗangote da ke BUK, ko na ABU da ake yi ta intanet. Wasu na ce min karatun 'yan gayu ne, biya kawai za ka yi ka karɓi takarda. Waɗanda suka shiga, ku faɗa mana gaskiya.

Ma'aikacin Banki: Wa alaikumus salam. Wanda ya faɗa maka haka bai taɓa zama jarrabawar sarrafa kuɗi ba. Tun zangon farko za a jibga maka akanta, tattalin arziki da ƙididdiga, kuma maki 50 ne ci, 49 faɗuwa ce. Ni da nake ƙirga kuɗi kullum sai da na ji jiki. Abin da ya fara buɗe min kai shi ne darasin darajar kuɗi da lokaci: idan kasuwa na ba da ribar kashi 20 cikin 100 a shekara, Naira 120,000 ta baɗi daidai take da Naira 100,000 ta yau. Kai da kake ba da kaya bashi, ranar da aka koyar da wannan ba za ka yi barci ba. Ka nemi littafin akanta na 'yan sakandare ka fara tun yanzu.

Maman Biyu: Ni ba lissafin ne ya dame ni ba, aikin rukuni ne. Mu bakwai aka haɗa, amma mu uku ne muka yi aikin. Akwai wani Alhaji, abin da kawai yake turowa a WhatsApp shi ne "Allah ya yi albarka", sai ranar gabatarwa ya zo da babbar riga ya zauna a gaba. To amma a nan na fi ƙaruwa. Salon jami'ar Harvard ta Amurka ake bi, a ba ku labarin matsalar wani kamfani ku yi ta muhawara, sai dai yawanci kamfanonin Amurka ne, mun gaji da su. Wani malami ya ce mu fita mu nemo namu. Muka je wani gidan burodi a unguwarmu, muka kwashe mako uku muna bin littafinsa. Mai gidan yana ta kuka da tsadar fulawa da sukari, ashe kwantai ne ke cinye shi: duk burodin da masu shayi ba su sayar ba, shi ake dawo wa da shi, kuma ba ya rubutawa. Da muka nuna masa jimillar wata guda, shiru ya yi, ya cire hula ya ajiye a kan benci.

Malamin Poli: Ƙanina, mene ne burinka? In koyarwa ce ko digirin dakta, ka bincika tukuna, domin jami'o'i da yawa a Najeriya MSc, wato digiri na biyu na bincike, suke nema, MBA a wurinsu digirin sana'a ne. Sai da na gama na san haka. Mai HND kuma yawanci sai ya bi ta PGD, wato difilomar gaba da digiri, kafin ya shiga MBA.

Baƙon Abuja: Ta intanet na yi nawa. Da daɗi, amma in ba ka da horon kai, aiki zai taru maka har daren rufe karɓar aiki, ranar kuma sabis zai ɗauke.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai. Maman Biyu, za su yarda in yi furojet ɗina a kan bashin da 'yan sari ke ɗauka a shagonmu?

Maman Biyu: Shago ɗaya ya yi kaɗan, za a ce ka haɗa da maƙwabta. Ka fara lallaɓa su tun yanzu, ka san ɗan kasuwa da ɓoye littafinsa.