Solo Leveling da Wukong ne gwarazan 2024, ko kuwa yawan jama'a ne kawai?

Bashir: Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina riƙe da maganar nan, yau dai sai na amayar da ita. A wurina gwarazan 2024 biyu ne: Solo Leveling a anime (zane mai motsi irin na Japan), Black Myth: Wukong a gem (wasan bidiyo). Na farkon an ba shi haƙƙinsa, tunda shi ya ci anime na shekara a bikin Crunchyroll da aka yi a Tokyo cikin Mayun 2025. Na biyun kuwa an danne shi. Gem ɗin da aka sayar da kwafi miliyan 10 nasa cikin kwana uku, a ce wai Astro Bot ya kayar da shi a kyautar gem na shekara ta bikin The Game Awards? Abin da jama'a suka yi rububi a kansa shi ne gwarzo.

Hauwa: Wa alaikumus salam. Yaya Bashir, tun daga anime ban yarda ba. A rukunin da Solo Leveling ya ci akwai Frieren fa. Ka kalle shi kuwa?

Bashir: Na kalli kashi huɗun farko. Tafiya, tsinkar fure, sai hira. Barci ya kusa ɗauke ni.

Hauwa: Ai a kashi na farkon maganar take. Frieren, tauraruwar labarin, tana rayuwa fiye da shekara dubu, don haka shekara 10 da ta yi tana yawo da jarumi Himmel, wanda ɗan Adam ne, ba ta ɗauke su bakin komai ba. Ta tafi harkarta, bayan shekara 50 ta dawo ta tarar ya tsufa ya ranƙwafa. Sai a bakin kabarinsa hawaye suka zubo mata, don ta gane ba ta taɓa ƙoƙarin saninsa ba. Daga nan labarin ya zama na mai bin sawun abin da ta yi sakaci da shi. Duk garin da ta shiga sai ta tarar da mutum-mutumin Himmel, daga baya ka gane ya sa an yi su ne har da don kada kaɗaici ya kama ta bayan ba su. Wanda ya taɓa rasa wani nasa ya san abin da wannan yake taɓawa. Yanzu faɗa min, ban da tauraronsa Sung Jinwoo, wa ka damu da shi a Solo Leveling?

Bashir: Mahaifiyarsa da ke kwance a asibiti ba ta farkawa, da ƙanwarsa Jinah. Saboda su yake shiga ramukan dodanni tun yana mafarauci mafi rauni. Kuma kada ki raina aikin A-1 Pictures, kamfanin da ya shirya shi. Murmushin gunkin nan a kashi biyun farko har yau yana tayar min da tsikar jiki. Faɗan Jinwoo da mayaƙin nan Igris kuwa, da kiɗan Hiroyuki Sawano a ƙarƙashi, ban ga kamarsa a shekarar ba.

Sadiq: Faɗan Igris kam babu musu. Matsalata ita ce daga inda Jinwoo ya fara ƙarfi, tsoro ya ƙare. Ka san zai ci, sauran mutane kuma aikinsu su tsaya suna mamaki. Zangon farko kashi 12 ne kawai, amma kafin ƙarshe na riga na san yadda kowane faɗa zai kaya.

Malam Nura: Bari in sa baki a ɓangaren gem, don na ƙare duka biyun. Bashir ƙanena, ma'auninka yana da rami. Wukong ya fito a kwamfuta da PS5, ga kasuwar Sin gaba ɗaya a bayansa, domin labarin Sun Wukong abin da suka tashi da shi ne tun suna yara. Astro Bot kuwa a PS5 kaɗai yake. Ta yaya za a gwada cinikinsu? Sannan The Game Awards ba ƙidayar ciniki ba ce: kashi 90 cikin 100 na ƙuri'ar alƙalai ne daga kafofin labarai, kashi 10 na jama'a. Inda jama'a kaɗai ke zaɓe, wato Players' Voice, Wukong ne ya ci, ya kuma ci kyautar gem ɗin faɗa.

Bashir: To ka ga kenan, Malam. Jama'a sun faɗi nasu, alƙalai sun juya.

Malam Nura: Alƙalan sun ga abin da na gani. Wukong yana da kyan gani matuƙa, manyan dodanninsa ma aiki ne na gaske, kuma Game Science da suka ƙirƙire shi sun cancanci jinjina. Amma sau nawa ka hango hanya a buɗe, ka nufe ta, ka ci karo da bangon da ba a gani? Kuma ya fito babu taswira. Astro Bot fa, kowane mataki da sabuwar dabara, ba a jan ta har ta gundure ka. Idan ruwan sama yana sauka kan lemar ɗan mutum-mutumin, ɗigo-ɗigo kake jinsa a tafin hannunka ta DualSense, wato na'urar sarrafa wasa ta PS5. Ban sami inda zan ce Team Asobi da suka yi gem ɗin sun yi ha'inci ba.

Sadiq: Ni kam Shadow of the Erdtree ne nawa, ko da ana cewa ƙari ne a kan Elden Ring, ba sabon gem ba.

Hauwa: Wannan wata rigimar ce daban, Sadiq, abin da sai ka kashe manyan abokan gaba Radahn da Mohg a Elden Ring kafin ma ka shiga ƙofarsa. Yaya Bashir, ni abin da nake so ka amsa: da Frieren ya fi yawan masu kallo, za ka ce shi ne gwarzo, alhali barci yake sa ka?

Bashir: A'a, ba zan ce ba. Amma kada ku mai da farin jini kamar laifi. Mutane da yawa da ba su taɓa kallon anime ba ta Solo Leveling suka shigo, kuma kafin Wukong babu wanda ya zaci kamfanin Sin zai yi gem mai wannan girma. Wannan ma abin a auna ne, kuma a kansa nake tsaye.

Hauwa: Na karɓi wannan. Amma ka kai kashi na 10, inda Frieren ta fuskanci shaiɗaniyar nan Aura, sannan ka dawo ka ce min babu faɗa a ciki.

Bashir: Zan kalla a daren nan. Malam Nura, kai kuma ka faɗa min gaskiya, sau nawa Erlang, babban abokin gaban nan na Wukong, ya kashe ka?