Motar gawa ko motar makara? Mu tsayar da magana

Jama'a, a kawo ɗauki. Ina rubutu kan tsofaffin motocin nan da Turawa ke kira hearse, kalmar ta tsaya mini a wuya.

Ga abin da nake nufi. A da a Amurka, kamfanin Cadillac kan sayar da gaban mota da injinta a kan dogon shasi, babu bodi. Sai kamfanoni irin su Miller-Meteor da Superior, duk a jihar Ohio, su ɗora nasu: dogon rufi, faffaɗar ƙofar baya, labule a tagogi, da 'yan ƙarafa masu juyawa a daɓen, ana ɗora akwatin gawa a tura shi ya zame ciki ba nishi. A Ingila Daimler DS420 ce ta yi suna, wadda aka ƙera daga 1968 zuwa 1992. Yanzu masu tara tsofaffin motoci ke sayensu suna goge su kamar kwanon amarya.

Wani ya ce in rubuta "motar asibiti", tunda da ita ake kai gawa a wajenmu. Malam, ka kusa. A Amurka ma an yi zamanin da mota ɗaya ke aikin biyu, yau mara lafiya, gobe mamaci. Cadillac ɗin 1959 da ta fito a fim ɗin Ghostbusters na 1984 irinta ce. Amma mai karatu zai zaci farar bas ce mai jiniya.

Wata baiwar Allah ta kawo "motar ɗaukar gawa". Hajiya, Hausa ce tsantsa, ba na musu. Sai dai ko a-kori-kura aka ara ranar jana'iza ta ci wannan sunan, gobe kuma ta koma lodin siminti.

Ni "motar makara" ta kwanta mini. Makara ba ta da wani aiki sai wannan ɗaya, haka ita ma motar. Su kansu Turawan, kafin kalmar hearse ta hau mota, sunan wani katako ne da ake jera kyandir a kai wajen akwatin mamaci.

An ce ai su akwati suke sawa, ba makara ba. Gaskiya ne. To motar ce makarar, ba abin da ke cikinta ba.

Saura tsufan. In na ce "tsohuwar mota", akwala za a gani ana turawa. Na ɗauki "ƙirar dauri".

Motar makara ƙirar dauri, jam'i motocin makara. Haka zan sa sai in wani dattijo ya zo da wadda ta fi ta kafin Juma'a.